Karatu Ne Ko Hadda? Darasi Ga Iyayen 'Yan Lakwal A Gure



Ya 'yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala wadda take cikin kusan kowane gida a garin Gure da ƙauyukansa, amma ba kasafai ake ɗauko ta a majalisa ba. Mas'alar ita ce: yaron nan da muke tasa kowace safiya ya tafi lakwal, shekara uku, huɗu, har shida, shin ya iya karatu kuwa?

Abin da yawancinmu muke dubawa shi ne ya tafi, ya dawo, kayensa cike da rubutu, ƙarshen shekara an ce ya wuce aji. Wani uban ma da dare zai ji ɗansa a tsakar gida yana rera darasi da Faransanci babu gargada, sai zuciyarsa ta yi sanyi, ya ce lalle yaro ya kama hanya. Alhali kuwa duk wanda ya taɓa zama gaban malam a makarantar allo ya san akwai almajirin da zai biya allonsa daga sama har ƙasa, amma in malam ya ɗora yatsa a tsakiya ya ce, "Wannan wane harafi ne?" sai ya yi tsuru-tsuru. Kunnensa ya ɗauka, idonsa bai ɗauka ba. To, irin wannan yaro ya cika azuzuwan lakwal, kuma ya fi wuyar ganewa a can, domin uban da zai ɗora masa yatsa sau da yawa shi kansa ba ya jin harshen da aka yi rubutun da shi.

Abin da awo ya nuna

Wannan magana ba zato ba ce. Ministocin ilmi na ƙasashe masu aiki da Faransanci suna da wani shiri da ake kira PASEC, wanda yake gwada yara a farkon firamare da ƙarshenta da jarrabawa iri ɗaya. A gwajin shekarar 2014, wanda ƙasashe goma suka shiga, yaran Nijar da suke ƙarshen firamare waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A gwajin 2019, na ƙasashe goma sha huɗu, adadin ya tashi zuwa wajen uku cikin goma. Ci gaba ne, kuma ya dace a yaba wa malaman da suka yi wahalarsa. Amma mu juya lissafin: a cikin yara goma da suka kai aji shida, wato CM2, wajen bakwai ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fitar da abin da yake nufi yadda ya kamata. Waɗannan alƙaluma na ƙasa baki ɗaya ne. Kowa sai ya dubi unguwarsa, ko a cikin Gure yake, ko Gidigir, ko Bune, ko Kelle, ya tambayi kansa ko yaransu sun fita daga cikin lissafin.

Akwai wani abu a gwajin 2014 da ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙasar da yaranta suka fi na kowa a farkon firamare ita ce Burundi, wadda take cikin mafi talaucin ƙasashen goma. Su can yaro yana fara karatu da Kirundi, harshen da ya sha a nono, kuma da shi aka gwada shi. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kaya biyu a kai ɗaya

Mu ɗauki yaro ɗan shekara shida ko bakwai a wani ƙauyen Mangawa na ƙasar Muniyo. A gida Barbarci yake ji. In ya bi mahaifinsa kasuwa yana tsintar Hausa. Ranar da aka rubuta shi a aji ɗaya, wato CI, sai ya tarar da mushe yana magana da harshe na uku wanda bai taɓa jin kowa ya yi ciniki ko faɗa ko gaisuwa da shi ba. Ɗan Bafillace da ɗan Batube da suke zaune kusa da shi su ma haka. Ɗan Bahaushe ya ɗan fi su sauƙi, domin in abu ya cije malam yakan saki Hausa, amma littafi da jarrabawa a mafi yawan azuzuwa da Faransanci suke.

Aiki biyu ake nema daga wannan yaro a lokaci guda. Na farko ya gane cewa waɗannan zane-zanen da suke kan babban allo sauti suke wakilta, ya koyi haɗa su. Na biyu ya san ma'anar kalmar da ta fito bayan ya haɗa. Yaron da yake koyon karatu da harshensa, da zarar ya haɗa "ra" da "ƙu" da "mi", raƙumi ya miƙe a gabansa, ya yi dariya, ya san ya yi daidai ba tare da kowa ya gaya masa ba. Wannan daɗin ganewa shi ne yake jan yaro zuwa kalma ta gaba. Wanda kuwa ya sha wahala ya haɗa haruffa, abin da ya fito bai ce masa komai ba, ba shi da ma'aunin da zai san ya dace ko ya kuskure. Sai ya koma ga abin da ya fi sauƙi, ya saurari na gaba da shi, ya maimaita.

Ga kuma halin rubutun Faransanci kansa. Hausa da Barbarci a rubutun boko kusan yadda ake faɗi haka ake rubutawa. Faransanci ba haka yake ba. Kalmar da take nufin ruwa, a baki "o" ce kawai, amma a takarda haruffa uku ne, "eau", kuma babu harafin "o" a cikinsu. Wannan sauti ɗaya ana rubuta shi ta hanyoyi da dama, sa'an nan ƙarshen kalmomi cike yake da haruffan da ba a furtawa. Yaran Faransa ma, da harshen uwarsu ne, sun fi yaran Italiya ko Spaniya daɗewa kafin karatu ya zauna musu. Ina ga ɗan Muniyo?

Sauran illa ɗaya wadda ba a cika lura da ita ba, ita ce jinkiri. Zuciyar ɗan Adam ba ta riƙe abu da yawa a lokaci guda. Yaron da yake ɗaukar numfashi uku kafin ya fitar da kalma ɗaya, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Saboda haka ko da ya san ma'anar kowace kalma, ma'anar jimlar ta zube a hanya, kamar mai ɗebo ruwa da ƙwarya mai huji. Maganin wannan kuwa guda ne, yawan karantawa da ido a kan takarda har haɗa haruffa ya daina cin tunani. Yaron da ba ya taɓa littafi sai a aji, littafin ma su uku ko huɗu a kansa, ba zai sami wannan yawan ba.

Abin da magabatanmu suka sani

A nan ne ya kamata jama'ar masallaci su gane cewa ba baƙi ba ne a wannan fage. Ƙasar nan ta gabas, daga Damagaram zuwa Borno, ta yi ɗaruruwan shekaru tana koya wa yara karatu kafin a kafa lakwal ta farko, kuma tsarin da aka bi yana da hikima.

Dubi yadda ake fara wa kolo. Ba a ba shi shafi. Babbaƙu ake fara rubuta masa, haruffa tsirara babu wasali, kowanne da sunan da yaro zai riƙe: ba guje, sin kodo, mim jaye, lam ara, ha kuri. Sai ya san su ɗaya-ɗaya ake shigar da shi farfaru, ya koyi wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. Daga nan ya fara haɗawa. Muhimmin abu kuma, ba a wanke masa allo sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya biya, malam ya gamsu. Yara talatin a tsangaya ɗaya, kowa da inda allonsa ya tsaya, babu wanda ake ja gaba don shekara ta ƙare. A lakwal kuwa aji ne yake tafiya gaba ɗaya bisa tsarin da aka aiko daga Yamai, wanda ya gane da wanda bai gane ba, Oktoba zuwa Yuni. Wanda babbaƙun boko suka kuɓuce masa a CI, da wuya wani ya sake komawa da shi kansu, sai ya yi ta hawa aji da gurbi a ƙarƙashinsa.

Wani zai ce, ai a makarantar allo ma yaro yana karanta abin da bai san ma'anarsa ba. Gaskiya ne. Amma can da niyya aka jinkirta ma'ana, domin abin da ake nema a wannan mataki shi ne kiyaye lafazi daidai, kuma lafazin kansa abin nema ne. Darasin lissafi ko na tarihi ko na tsabtar jiki ba shi da wata fa'ida a lafazinsa. In ma'ana ta faɗi, babu abin da ya rage a hannun yaro.

Sa'an nan mu duba abin da malamanmu suke yi idan lokacin ma'ana ya zo. A makarantar zaure, ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya karanta gaɓa ɗaya da Larabci, malam ya fassara masa da Hausa ko Barbarci ko Fillanci, ya karanta ta gaba, malam ya fassara. Babu malamin da ya taɓa cewa haramun ne a yi Hausa a zaurensa don ɗalibai su fi saurin jin Larabci. A Borno an sami tsofaffin rubutattun Alƙur'anai waɗanda malamai suka yi wa bayani a tsakanin layuka da tsohon harshen Kanembu, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669. Wato shiga baƙon harshe ta ƙofar harshen gida tsohuwar hanya ce a wurinmu. Lakwal ce ta zo da akasin haka, har dattawan da suka yi ta a zamanin da suna tuna "sambol", abin nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi.

Gwajin da aka fara a Damagaram

Hukumomin ƙasar nan sun daɗe da sanin wannan matsala. A shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a birnin Damagaram, inda yara suke fara karatu da Hausa, Faransanci ya shigo sannu a hankali. Daga baya aka buɗe irinta da Zabarmanci da Fillanci da Barbarci da Buzanci. Wani bincike da aka buga a 2002 ya nuna yaran da suka fara da harshen gida sun fi takwarorinsu iya karatu da rubutu, har a cikin Faransancin kansa. Dokar tsarin ilmi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a koyarwa, dokar 2001 kuma ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. Duk da haka makarantun suka yi shekaru masu yawa da sunan gwaji, ba su wuce 'yan gomomi ba.

Laifin ba na hukuma kaɗai ba ne. Iyaye da yawa sun guji waɗannan makarantu, suna cewa yaro ai ya riga ya iya Hausa, me za a koya masa? An kawo shi ne ya ji Faransanci ya sami aiki. Wannan magana tana da fuska, amma ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, jin harshe da iya karanta shi. Karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Wanda idonsa ya saba haɗa haruffan boko da Hausa ko Barbarci, in ya zo Faransanci kaya ɗaya ya rage masa.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Mu a Gure sai mu karɓi wannan da ido buɗe. Rubutu a kundi ba ya buga littafi, ba ya horar da malami. Kuma a ƙasar da yara da yawa suke tashi da Barbarci ko Fillanci ko Tubanci, hujjar da ta sa muka ce Faransanci yana yi wa ɗan Bahaushe nauyi a aji ɗaya, ita ce dai za ta sa mu tuna da ɗan Bamange na ƙauye wanda Hausarsa ba ta wuce ta sayen ƙuli-ƙuli ba. Hausa ta fi masa kusa nesa ba kusa ba, yana jin ta a kasuwa da tasha da rediyo, amma adalci shi ne malamin aji ɗaya ya zama mai jin harshen yaran da aka ba shi.

Yadda uba zai ɗora yatsa

To, mai karatu zai ce, ni ban yi lakwal ba, yaya zan gane? Hanya tana nan, kuma ba ta bukatar ko kalma ɗaya ta Faransanci.

Bayan sallar isha'i, ko da safe kafin ya fita, ka ce ya kawo littafinsa ko kayensa. Kada ka bar shi ya zaɓi shafi. Kai ka buɗe, ka buɗe inda ba a kai ba tukuna, ko ka ɗora yatsa a tsakiyar darasin jiya ka ce ya fara daga nan. Dubi idonsa: yana bin layi, ko yana kallon sama yana jawo abin da ya haddace? Ka ce ya karanta daga ƙarshen layi zuwa farko, kalma-kalma. Mai hadda ba ya iya wannan. In gidan akwai buhun shinkafa ko kwalin shayi ko takardar asibiti, miƙa masa. Sa'an nan ka yi masa tambayar da ta fi duka nauyi: "Gaya mini da harshenmu, me aka ce a nan?"

In ya kasa, ya ɗan'uwa, kada ka ɗauko bulala. Yaron da aka doka a kan karatu abin da yake koya shi ne ɓoye rashin iyawarsa, ya ƙara ƙwarewa a hadda da kwaikwayon na kusa. Ba ka gano rago ba, ka gano inda allonsa ya tsaya ne. Abin yi shi ne a koma da shi can, ko da yana CM1, a sake masa babbaƙu da farfarun boko, kwata ɗaya na awa kowace rana. Yayansa da yake kwaleji zai iya, ɗiyar maƙwabta za ta iya. Kuma ka taka ka je makarantar da kanka, ka yi sallama da malamin cikin mutunci, ka gaya masa abin da ka gani. Malamin da yake fama da yara sittin ko fiye, wataƙila ɗan kwantaragi ne da albashinsa yake makara, ba lalle ne ya san halin kowane yaro ba, kuma mafi yawansu suna murna da uban da ya zo tambaya.

Iyaye mata sun fi mu dama a wannan, domin su suke tare da yaran da rana. Kuma 'ya mace ta fi bukatar a ɗora mata yatsa da wuri, saboda ita ce aka fi saurin cirewa in an ga kamar zuwan ba ya da amfani, ita ce kuma tallar safe da ɗebo ruwa suke cinye wa lokacin bita.

Bakin yaro

Akwai mataki na gaba da fahimta wanda al'adarmu takan danne ba da nufi ba. Mun tarbiyyantar da yaro a kan yin shiru gaban manya, kuma kunya ado ce. Amma yaron da ba a taɓa tambayarsa "Kai me ka gani?" ba, zai girma yana ɗaukar duk abin da aka rubuta gaskiya ne, ko a littafi ko a wayar hannu. Idan ya ba ka labarin da ya karanta, ƙara masa tambaya ɗaya: wanda ya yi kaza a labarin, ya kyauta? Da kai ne me za ka yi? In darasin a kan hamada ne, tambaye shi tudun rairayin da yake matso wa kwarin garinku, ina ya tsaya bara, ina yake bana, me ya sa ake kafa masa shingen ƙirare. Zai ba ka mamaki. Yaron da yake bin awaki ya san sunayen ciyayi da itatuwa fiye da abin da yake cikin littafinsa, wanda ya tashi a kwari ya san dabino da kanwa, sai dai ba wanda ya taɓa nuna masa cewa wannan sani yana da hanyar shiga takarda.

In ya fara iya rubutu, saya masa kaye ɗaya na daban wanda ba na makaranta ba, ya riƙa rubuta layi biyu ko uku kowace rana da harshen da ya ga dama, ko da boko ko da ajami: abin da ya gani a kasuwa, kuɗin da aka sayar da akuya, abin da ya ba shi haushi. Kada a gyara masa kuskure a wannan kaye, kada kuma a karanta wa baƙi don a yi dariya. Tatsuniyar da kaka take yi da dare ma tana cikin wannan aiki, domin yaron da ya saba riƙe labari daga "ga ta nan" har "ƙurunƙus" ya riga ya koyi bin zaren magana.

Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya

Wani ɓangaren matsalar ba a tsakar gida yake ba. Shekarar karatu wata tara ce a takarda, amma a ƙauyuka da yawa ba a fara sosai sai an gama girbi, domin da karan sabuwar kaka ake gina rumfunan da suke zama azuzuwa. Zafin Afrilu da Mayu ya ci nasa, ruwan farko in ya zo da iska ya kwashe rumfar. Hatsarin waɗannan rumfuna ma ba ɓoyayye ba ne: a 2021 gobara ta kashe yara wajen ashirin a wata makaranta a Yamai cikin Afrilu, ta kashe fiye da ashirin a Maraɗi cikin Nuwamba. Allah Ya jiƙansu.

Kowace makaranta tana da kwamitin iyaye da malamai, wanda aka fi sani da COGES, kuma sau da yawa mutanen sahun gaba a masallaci su ne a cikinsa. A taron farkon shekara akan yi maganar kara da tabarmi da alli da randar ruwa. Ya dace a ƙara tambaya ɗaya a rubuta ta cikin takardar taro: a kowane aji, yara nawa ne suke iya karanta layi biyar da ba su taɓa gani ba? A roƙi darakta ya gwada su ɗaya-ɗaya a Nuwamba, a sake a Maris, a karanta wa iyaye adadin ba tare da ambaton sunan ɗan kowa ba. Waɗanda aka samu a baya a raba su bisa inda suka tsaya, masu haruffa daban, masu haɗawa daban, a nema musu awa ɗaya da yamma a rumfar ƙofar masallaci ko zauren mai unguwa, a daidaita da malamin allo don kada lokutan su ci karo. Abin da za a kashe bai wuce alli da fitila mai caji da ɗan abin sabulu ga matashin da zai tsaya musu ba.